Fangali Biyu: Na Gida Da Na Kasuwa

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai wani ɗan lungu bayan ɗakin girki ko kusa da randa, inda ruwan alwala da na ɗauraye ƙore ke gangarawa. A nan ne uwargida kan kafa ƴar garkarta. Da wuya faɗinta ya wuce shimfiɗar tabarma uku ko huɗu, kuma akan kewaye ta da darnin kara ko da tsohon gidan sauro saboda kaji da awaki. A ciki za a iske zogala gindi biyu ko uku, da yakuwa, da alayyafo, da guro, da tonka guda ɗaya a cikin fasasshiyar tukunya. Ba a lissafa wannan wuri cikin dukiyar gida, ranar rabon gado ma ba wanda ke ambatonsa, amma daga nan miyar dare take samun ɗanyen ganye a lokacin da kasuwa ta yi tsada.

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, garka ba ta da wuyar sha'ani, domin salati da shu da karoti da tumatir duk masu son sanyi ne. Jarrabawa tana farawa ne da bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, furen tumatir ya riƙa kakkaɓewa tun bai ƙulla ɗa ba, salati ya miƙe ya yi ɗaci, ruwan da aka zuba da asuba ya ƙafe kafin azahar. Mai garka sai ta koma ban ruwa sau biyu a yini, ta rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ta sadaukar da abin da ba ya jure rana don ta ceci zogala da yakuwa. Idan damina ta sauka sai wuri ya sake kama: kabewa ta haye darni, duma ya bi rufin ɗaki, lalo da rama su fito ko ba a gayyace su ba.

Sai dai duk abin da ya yi kore a cikin ƙasa mai ƙishirwa, ya yi shela ke nan ga masu jin yunwa. Darɓa takan lulluɓe ƙarƙashin ganyen guro da wake har ya yi danƙo. Farin ɗan ƙuda yana tsotsar tumatir, yana kuma ɗauke masa da cutar da ke nannaɗe ganye. Jan gizo-gizon nan da ido ke gani da ƙyar yana son zafi da ƙura. Tsutsar zogala tana iya mayar da itace tsirara cikin ƴan kwanaki. Gara na aiki daga ƙasa, fara daga sama. Uwargida ta san maganinta: ta tashi da sassafe ta tsince tsutsa da hannu ta watsa wa kaji, ta barbaɗa toka, ta daka ƴaƴan bedi ta jiƙa su kwana, ta tace, ta haɗa da ɗan sabulu ta yayyafa da maraice. Tana kuma sane da cewa a shagon bakin kasuwa akwai wata ƴar kwalba da ke gama wannan aiki cikin sa'a guda. Ba ta sayenta, dalilinta kuwa a fili yake: ƴaƴanta ne za su ci ganyen.

Tambayar da ake son dubawa

Idan aka fita bayan gari, zuwa garaken gulbi da na bakin tabki, inda ake noma don sayarwa, akan ji labarin wata al'ada da ba kowa ke yinta ba, amma ba ta ɓuya ga masu sana'ar ba. Mai garka ya ware fangali ɗaya a gefe, wanda ba ya yi wa feshi, ko kuwa yana yi masa da ƙa'ida, daga shi ne ake kai cefanen gidansa. Sauran fili kuwa na kasuwa ne: ana fesa shi da yamma, a yanka da safe, kafin hantsi ya isa gari. Tambayar ita ce: shin ya halatta ga mutum ya sayar wa jama'a abincin da shi kansa ba ya yarda ya shiga tukunyar gidansa? Amsa tana da saurin zuwa baki, amma adalci ya wajabta a saurari mai garka kafin a yanke masa hukunci.

Hujjar mai garka

Noman rani a wannan ƙasa ɗan wahala ne. Bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kountché ta tashi haiƙan wajen kiran jama'a su rungumi noman da ba ya jiran ruwan sama, aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri, aka buɗe garake a wuraren da ba a saba ba. Tun daga lokacin albasar Galmi da zogalar Jiratawa da kayan lambun Mirriya suka ƙara zama abin dogaro ga dubban iyalai. Mutumin da ke wannan aiki galibi da bashi yake fara shekara: bashin iri, na taki, na man injin ban ruwa, wani lokaci har da kuɗin hayar fili. Uwargida a gida idan tsutsa ta ci rabin zogalarta, miya ce kawai za ta yi ƙaranci. Shi kuwa idan ta ci rabin tasa, ribar shekara ta tafi, bashi ya rage.

Abokan gabansa ma sun ƙaru. Tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta asalinta Amurka ta Kudu ne. Ta sauka Sifen a 2006, ta bayyana a Nijar a 2013, kuma a 2016 ta yi wa tumatirin arewacin Nijeriya irin ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Wannan tsutsa tana kutsawa ne tsakanin fata biyu na ganye, ta ci daga ciki, ta yadda maganin da ke zama a waje ba ya isa gare ta sosai. Tana hayayyafa sau da yawa a shekara, tana kuma saurin sabawa da guba. Mai garka da ya ga feshi ɗaya bai yi ba sai ya ƙara na biyu, ya ninka awo, ya gauraya magani biyu ko uku a tulu guda. Tsoro ne ke riƙe da hannunsa.

Akwai kuma wata matsala da mai zaman ofis ba ya lura da ita. Kowane maganin ƙwari na da kwanakin jira, wato tazarar da ya kamata a bari tsakanin feshi da girbi: wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. To amma guro ba ya jira. Idan aka bar shi ya wuce kwana biyu ko uku a kan uwarsa sai ya yi tauri, ba mai saye. Tumatir nunanne ma haka, ya kwana biyu a zafin bazara ya ruɓe. Ke nan duk wanda ya ce wa mai garka ya jira, ya ce masa ne ya zubar da tsinka biyu ko uku na amfaninsa. A ƙarshe mai garka zai nuna kasuwa da yatsa: ya kawo ganye mai huda, an wuce shi, an sayi na maƙwabcinsa mai sheƙi. Zai ce ido ne ke saye, shi kuwa abin da ido ke so ya kawo.

Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa jan guga a watan Mayu ba ya kamata ya sassauta murya idan yana magana a kai.

Shaidar fangali na biyu

Amma hujjar nan tana da wurin da take tsayawa, kuma mai garka da kansa ne ya shata wurin. Akwai bambanci tsakanin mutum biyu. Na farko bai san illar abin da yake fesawa ba. Kwalbar ta ƙetaro iyaka, rubutun da ke jikinta da Ingilishi ne, shi kuwa ko Faransanci bai karanta ba. Yana fesawa ba takalmi ba abin rufe hanci, yana ci daga fangalin da yake sayarwa, har ya wanke kwalbar ya zuba mai a ciki. Wannan mutum ilimi yake bukata, kuma shi ne farkon wanda gubar ke ci. Na biyu kuwa ya ware wa gidansa fangali dabam. Da wannan aiki ya riga ya shaida cewa ya sani. Ba sai an kawo likita ko alƙali ba, darnin da ya raba fangali biyu ya isa shaida. Ya auna haɗarin, ya ga ya fi ƙarfin ƴaƴansa, sa'an nan ya ga bai fi ƙarfin ƴaƴan wani ba.

Haɗarin kuwa tabbatacce ne. Maganin da aka fi sani da piya-piya, wanda sinadarinsa shi ne diklorbos, yana cikin dangin gubar da ke hana jijiyoyin jiki hutawa bayan sun isar da saƙo. Haka yake kashe ƙwaro, haka kuma yake aiki a jikin mutum idan ya yi yawa: dalalar miyau, zufa, amai, ciwon ciki, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a kan amfanin gona. Yaro ƙarami da mace mai ciki su ne suka fi rauni a gaban irin wannan guba, salati kuwa ɗanye ake cinsa.

Al'adar kasuwa ta Hausa ta daɗe da sanin algus, tana kuma ƙyamarsa: a zuba ruwa a nono, a sa tsakuwa a hatsi, a jera manyan tumatir a sama a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan kwando. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana mai sayarwa ɓoye aibin hajarsa. Sai dai tsohon algus yana da sauƙi guda: mai saye mai wayo zai iya kama shi. Ya tura hannu ƙasan kwando, ya ɗanɗana nono, ya sheƙe hatsi. Wannan sabon aibi ba ya da launi, sau da yawa ba ya da wari, kuma abin da ya fi muni, ƙawata haja yake yi. Ganyen da ya fi haɗari shi ne zai iya fin kowane kyau a kan tebur. Idan ciwo ya biyo baya, ba wanda zai danganta shi da salatin jiya, za a ce shawara ce ko zazzaɓi. Saboda haka a nan babu mai tsaron mai saye sai zuciyar mai sayarwa. Abin da ake kira amana ke nan: haƙƙin da mai shi ba ya da ikon bincikawa. Kwanakin jira ba wani ɗan sanda da ke ƙirga su, mutum ne shi kaɗai da Ubangijinsa a bakin rijiya.

Rabon laifi

Bai kamata a ɗora wa mai garka kayan duka ba. Mai saye yana da nasa kaso. Matar da ta ƙi zogala saboda ƴar huda, ta zaɓi mai sheƙi ba tare da tambaya ba, ta aika saƙo zuwa garka, kuma saƙon ya isa. Da za a wayi gari masu cefane na tambaya, "Malam, yaushe rabon wannan da feshi?", kuma suna yarda su ƙara dala biyu a kan ganyen da aka jira, da lissafin mai garka ya sauya. Hudar da ke jikin ganye alama ce cewa wani mai rai ya ci bai mutu nan take ba, ko da yake ba kowane mai huda ne ya tsira daga feshi ba.

Hukuma ma tana da nata. Ƙasashen Sahel sun kafa ƙungiyar CILSS a 1973, kuma tun shekarun 1990 aka samar da kwamiti na bai ɗaya a ƙarƙashinta don tantance magungunan ƙwarin da suka cancanci shiga kasuwa. Duk da haka, cibiyar RECA ta majalisun manoman Nijar ta sha nuna cewa da yawa daga magungunan da ake samu a kasuwannin ƙasar ba su cikin jerin waɗanda aka amince da su. Dokar da ke kan takarda ba ta kai shago ba. Amma rabuwar laifi gida uku ba ta wanke kowa daga cikin ukun ba. Wanda ya fesa jiya ya yanka yau, hannunsa ne ya yi, ko da an tura shi.

Shin duk amfanin gona na manomi ne?

A ƙarƙashin wannan tambaya akwai wata da ta fi ta zurfi. Manomin dā bai taɓa zaton zai kwashe duk abin da ya shuka ba. A lissafinsa akwai rabon tsuntsu, akwai na gara, akwai zakka, akwai na mai kala da ke bin bayan masu girbi. Yana korar tsuntsu da majajjawa da gwangwani, amma bai yi mafarkin duniyar da babu tsuntsu ba. Kwalbar guba ta zo da wani alkawari dabam: cewa ana iya soke rabon kowa, a bar wa mutum shi kaɗai. Duniya ta taɓa gaskata wannan alkawari. A 1948 aka ba Paul Müller lambar Nobel saboda gano ƙarfin DDT a kan ƙwari. Shekaru 14 bayan haka, a 1962, Rachel Carson ta wallafa littafin da ya tona yadda irin wannan guba ke bin ruwa da ƙasa tana taruwa a jikin tsuntsaye da kifaye da mutane.

Garka ƙarama tana nuna dalilin da ya sa alkawarin ba ya cika. Guba ba ta tantance aboki da maƙiyi. Tana kashe ɗan jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo da ke cin darɓa, tana kashe gizo-gizo da zanzaro masu farautar tsutsa, tana kashe ƙudan zuma. Kabewa kuwa furenta namiji dabam yake da na mace, idan babu mai kai gari daga wannan zuwa wancan sai ta yi yabanya har ta rufe darni ba ta ba da ɗa ko ɗaya ba. Bayan feshi, ƙwaron da ya tsira shi ne mafi tauri, shi zai hayayyafa, kuma zai iske fili babu maƙiyansa. Wanda ya ƙi ba da ushiri sai ya wayi gari yana biyan rabi ga mai shago.

Akwai wata hanya da aka gwada a nan gida. Tun tsakiyar shekarun 2000 masu binciken INRAN a Maraɗi suke renon wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, suna sakinsa a ƙauyuka cikin ƴan jikkunan algarara, domin ya yi ƙwai a jikin murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Bai shafe murzuna daga doron ƙasa ba, amma ya rage ta zuwa gwargwadon da manomi zai iya ɗauka. Ruwan ƴaƴan bedi ma haka yake aiki: ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro cin abinci da saɓa, rana kuma tana karya ƙarfinsa cikin ƴan kwanaki.

Wannan bai nufin a yi wa magani kuɗin goro a ce duk haram ne ba. Wanda ya ga farar 2004, ya kuma ga yaran da aka riƙa kaiwa cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi a 2005, ba zai ce a tari garken fara da toka ba. Haka kuma dakan ƴaƴan bedi aiki ne mai cin lokaci, kuma mata ne galibi ke ɗaukarsa. Abin da ya ishi tabarma huɗu ba lalle ya ishi eka guda ba. Maganar a kan gwargwado take: a yi amfani da maganin da aka tantance, a kan shukar da aka yi shi dominta, da awon da aka rubuta, bayan sauran dabaru sun gaza, sa'an nan a jira kwanakin da aka ce a jira, ko da za a yi hasarar tsinka biyu. Wannan hasara ita ce farashin amana, kuma dole jama'a su taya mai garka biyanta.

Babu mai ci daga fangalinsa kaɗai

Saura abu ɗaya da mai fangali biyu bai sa a lissafi ba. Ya tsare zogalar gidansa, amma ba ya noman albasa, ba ya noman shu. Matarsa za ta saya daga wani, wanda wataƙila shi ma yana da fangali biyu. Ɗansa zai sayi kwaɗon zogala a ƙofar lakwal lokacin hutun hantsi. Ƴarsa da ke aure a wani gari daga kasuwa take cefane. Ranar suna ko walima shi kansa zai sa hannu a akushin da bai san daga inda ganyensa ya fito ba. Dabararsa tana amfani ne kawai idan shi kaɗai ke yinta. Da zarar ta zama ta kowa, kowa ya tsare abu ɗaya ya ci guba a tara. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, kuma ramin nan zagaye yake yi ya dawo ta ƙofar gida.

Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da aikin yi. Garkar makaranta, inda take akwai, kan tsaya ga koya wa yara shuka da ban ruwa. Za ta iya wuce nan. Ɗalibin koleji da ya iya karanta takardar jikin kwalba, ya gane alamar haɗari da adadin kwanakin jira, ya kuma fassara wa mahaifinsa da Hausa, ya yi aikin da darasin harshe ya kamata ya haifar. Ƴan wasan kwaikwayo da suka saba fito da mai algus a dandali suna da sabon jigo a hannu. Liman ma yana da abin faɗa ranar Juma'a kafin kasuwar kayan miya ta buɗe.

A ƙarshen damina garkar bayan ɗaki takan ba da fiye da bukatar gida. Guro ya yi yawa, sai a yanyanka a shanya don busasshiyar miya, a tsinke yakuwa, a bar kabewa guda ta ƙosa saboda iri. Abin da ya saura uwargida ta zuba a ƙwarya, ta kira ƙaramar ƴarta ta ce, "Kai wa Inna ta gidan bayanmu, ki ce ina gaishe ta." Wasu ganyayen da huda, wani guron ya lanƙwashe. Daga fangalin da aka ɗebi na miyar daren gidan aka ɗebo su, domin shi kaɗai ne a garkar.